Wa ya ba su lambata? Muhawarar zaurenmu na WhatsApp kan saƙonnin da ba mu nema ba

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Na goge saƙon da Baba Alhaji ya turo da asuba, mai cewa ana raba data giga 50 kyauta a matsayin goron sallah. Baba, a yi mini afuwa, wallahi ba raini ba ne. Saƙon na bogi ne, kuma kafin in tashi daga barci da yawa sun riga sun gani. Duk wanda ya danna linkin ya yi magana, kada ya ji kunya.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. To ni dai alheri na nufa. Daga zauren masallacinmu na ɗauko shi, wanda ya sa shi can kuwa dattijo ne mai mutunci, ba ya ƙarya. Har da tambarin kamfanin a jiki. In gaskiya ne fa? Ka ga ka hana mutane rabonsu ke nan.

Auta: Baba ni na danna. Da farko ya tambaye ni layin da nake amfani da shi, sai ya ce in sa lambata da jihata. Na sa. Sai ya ce ba za a ba ni ba sai na tura wa zaure 5 ko mutum 15. Akwai wani koren layi da yake cika a hankali duk lokacin da na tura. Da ya cika sai ya kai ni wani shafi na caca. Har yanzu ko mega ɗaya ban gani ba.

Mai Gyaran Waya: Auta, ka sa lambar katin banki ko BVN?

Auta: A'a Yaya, lambar waya da jiha kawai.

Mai Gyaran Waya: Alhamdu lillahi, da sauƙi. Amma ka shirya, kwanakin nan za ka ga saƙonni da kira daga lambobin da ba ka sani ba. Abin da suke nema ke nan tun farko: lamba mai rai, ta mutumin da yake dannawa.

Baba, bari in yi bayani, don ni a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano kusan kullum sai an kawo mini waya a kan irin wannan. Dattijon da ya sa shi a zauren masallaci bai yi ƙarya ba, shi ma turo masa aka yi. Haka abin yake tafiya, daga hannun mai gaskiya zuwa hannun mai gaskiya, shi ya sa yake da wuyar ganewa. Wanda ya ƙirƙiro shi bai san ku ba, bai san ni ba. Da mutuncin dattijon nan ya shigo zaurenku, da mutuncinku ya shigo namu. Tambari kuwa, yaron da ke koyon aiki a shagona zai kwafo shi cikin minti ɗaya ya manna a duk inda ya ga dama.

Baba Alhaji: To mene ne ribarsu? Mutum ya zauna ya ɓata lokacinsa a kan ƙarya haka kawai?

Mai Gyaran Waya: Riba uku ce Baba. Duk wanda ya buɗe shafin, masu talla suna biyansu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma in mutane suka yi yawa kuɗi ne. Na biyu, lambobin da aka tara ana sayar da su ga masu tura saƙon tes a dunƙule. Na uku shi ne mai zafin: cikin waɗanda suka danna akwai wanda za a kira daga baya a ce masa daga banki ne.

A da, lokacin wasiƙun 419, ɗan damfara sai ya sayi takarda da ambulan da kan sarki, kowace wasiƙa da kuɗinta. Yanzu tura wa mutum dubu da tura wa mutum ɗaya kusan duk ɗaya ne a wurinsa. Taru ne ya jefa a ruwa. Ba ya buƙatar kowa ya faɗa, in ɗaya ya faɗa ya ci riba.

Maman Sadiq: Ni ce ɗayan nan. Ban taɓa ba da labarin a nan ba saboda kunya, amma tunda ga Auta ya yi magana bari in faɗa.

A azumin bara ne, wajen ƙarfe biyar na yamma, ina tsaye a kan kaskon ƙosai. Sai ga kira, namiji ne, Hausa tsantsa, ya yi sallama ya kira ni da Maman Sadiq. Ya ce daga zauren iyayen yara na makaranta yake, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo mini lamba shida ta tes, in karanto masa ya sa ni a jerin masu halarta. Hannuna ɗaya da matsami, ɗaya da waya, mai yana ƙauri. Na duba, ga lambar kuwa ta shigo. Na karanta masa, har ya yi mini godiya ya ce a sha ruwa lafiya.

Sai bayan magariba na ɗauki wayar, na ga WhatsApp ɗina yana tambayata lamba kamar sabuwar waya. Kafin isha'i ƙanwar maigidana ta kira tana tambaya ko kuɗin sun shigo, wai na ce mata Sadiq yana asibiti. Dubu 40 ta tura. Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne, yadda ta zo gidan da hawaye tana neman yaron, shi kuwa yana tsakar gida yana cin ƙosai.

Anti Nas: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, Maman Sadiq. Amma ta yaya ya san sunanki da makarantar yaran?

Mai Gyaran Waya: Daga zauren iyayen ya samu, Anti. Ko dai ya shiga ta linkin gayyata da ya yi yawo, ko ya riga ya ƙwace WhatsApp ɗin wata a cikinsu. Da ya shiga, lambar kowa a buɗe take, da sunan da kowa ya sa.

Lamba shidan nan mabuɗin gidanki ne. Shi ne ya sa lambarki a wayarsa, WhatsApp ya turo miki da lambar tabbatarwa, ya kira ya karɓa daga bakinki. Ba wani kutse ba ne, ba ya iya shiga sai kin ba shi.

Maganinsa yana cikin saiti, wajen asusu, akwai tabbatarwa mai mataki biyu. Za ki zaɓi lamba shida taki ta kanki wadda ba a turowa ta tes. Ko an karɓi waccan, ba a shiga sai da wannan. In kuma an riga an ƙwace, sake rajista da layinki nan take, sabuwar lamba za ta zo, da kin sa shi zai fita. Matsalar ita ce in ya riga ki sa tashi lambar sirrin, to sai kin jira kwana 7.

Maman Sadiq: Kwana bakwan nan na yi, Yaya. Gida gida na riƙa kira ina cewa ba ni ba ce.

Mai POS: Ni tambayata daban. Duk wannan na ji, amma saƙonnin tes ɗin da ke cika mini waya fa? Caca, bashi, waƙar kira, fili a Abuja. Dare da rana. Jiya saura kaɗan in saki kwastoma ba tare da na ga alat ba, saboda ya nutse a cikin tarkacen nan.

Shugaban Zaure: Wannan akwai hanya. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da lamba 2442 tun 2016. Ka rubuta STOP ka tura wa 2442, kyauta ne, a kowane layi. In kana son ka zaɓi irin tallan da zai riƙa zuwa, ka tura HELP za su jero maka. In kuma wani abu ne yake cin katinka ba ka san lokacin da ka shiga ba, danna *305# ka fita. Ka kai ƙara wurin kamfanin layinka ba su yi komai ba, ka kira 622, na hukumar ne, shi ma ba a cire kuɗi.

Mai POS: Shugaba na yi wannan tun shekara biyu da suka wuce. Sun ragu, ban ce ba su ragu ba. Amma ba su daina ba.

Mai Gyaran Waya: Gaskiyarka. 2442 tana tare tallan da ya bi ta ƙofa, wato wanda ya ratsa ta kamfanin layi a matsayin talla. Wanda ya sayi sim ya zauna a ɗaki yana turawa daga lamba irin tawa da taka, a wurin na'ura saƙon mutum ne zuwa mutum. Haka na WhatsApp da Telegram da imel, ba ruwansu da 2442. Waɗannan sai toshewa da kai rahoto. Kuma a daina tsayawa a toshewa kawai, a danna rahoton. In ka yi, saƙonni biyar na ƙarshe da ya turo maka suna zuwa wurin WhatsApp, in ƙorafi ya yi yawa su rufe lambar. Toshewa kai kaɗai ta tsare, rahoto yana tsare na bayanka.

Anti Nas: Ni kuma akasin haka ta same ni. Da na tura STOP sai saƙon makarantar yarana ya daina zuwa, har aka ɗage ranar komawa ban sani ba.

Shugaban Zaure: Yana faruwa Anti, in makarantar ta hanyar masu tallan take turawa. Ki tura HELP ki buɗe ɓangaren ilimi kawai, sauran su zauna a rufe.

Hajiya Mai Atamfa: Ku tsaya, ni fa maganar nan ta fara taɓa ni. Duk sati ina tura hotunan sababbin kaya ga mutane sama da 200. Da shi nake ci, da shi nake biyan kuɗin makarantar marayun da ke hannuna. Yanzu ni ma ina cikin masu saƙon shara ke nan? Ban taɓa cutar kowa ba.

Mai POS: Hajiya da girmanki, amma in faɗi gaskiya: ranar da kika sa ni a zauren kayanki ban nema ba, hoto 60 ya sauka a wayata, datata ta ƙare. Ni ko aure ban yi ba, me zan yi da leshi?

Hajiya Mai Atamfa: To ai sai ka fita, ɗana. Wa ya riƙe ka?

Mai POS: Kunya ce ta riƙe ni Hajiya. Kuma lambata duk mutanen ciki sun gani.

Malamin Islamiyya: Hajiya, ina ganin a nan bambancin yake. Ba wai talla haramun ba ce, kasuwa ai sai da shela. Tambayar ita ce izini. Wadda ta sayi kaya ta ce in sabo ya zo ki turo mini, wannan kin cika alkawari ne. Wanda kika tsinci lambarsa a zauren biki kika jefa shi cikin naki, kin shiga gidansa ba sallama. Ga kuma hakkin datarsa, ga lambarsa da kika nuna wa baƙi.

Mai Gyaran Waya: Kuma Hajiya akwai hanya mai tsabta. Ki bar zaure, ki yi jerin watsa saƙo. Yana ɗaukar mutum 256, ba wanda yake ganin lambar wani, kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki a wayarsa. Kin ga wanda ya ajiye ai yana so. Sauran ki sa a sitatus. Ina faɗa miki ne don kanki ma: in mutane suka yi ta kai rahoto, lambar kasuwancinki za a rufe, kwastomomin shekaru su tafi a dare ɗaya. Na ga masu kuka a shagona a kan haka.

Kai kuma Mai POS, shiga saitin sirri, wajen zaure, ka mayar da shi sai waɗanda ke cikin lambobinka za su iya sa ka, har kana iya ware wasu. A nan kusa akwai wajen kashe ƙarar kiran baƙin lambobi.

Hajiya Mai Atamfa: Na ji. Raina ya ɗan sosu amma na ji. Gobe in na fito kasuwa zan biyo ka saita mini.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan 2442 ba tamu ba ce, amma ciwon ɗaya ne. Namu da Faransanci yake zuwa, wani lokaci da Hausa a murya. Wanda ya fi yawa shi ne a turo maka saƙo kamar an sa maka kuɗi, sai a kira a ce kuskure aka yi, don Allah ka mayar. In ka duba asusunka ba abin da ya shiga.

Mai POS: Wannan har nan ana yi. Ni yanzu ba na kallon tes, sai na buɗe manhajar na ga kuɗin da idona.

Mai Gyaran Waya: Haka ya kamata. Sunan da ke fitowa a saman saƙo ba hujja ba ne, ana iya rubuta sunan banki a wurin. Wani lokaci har ya faɗa cikin jerin saƙonnin bankin na gaskiya. Don haka kar ka bi linkin cikin saƙo, kar ka kira lambar da ke ciki. Juya katinka, lambar banki tana baya. In an ce daga gwamnati ne, tallafi ko ɗaukar aiki, dubi ƙarshen adireshin: na gwamnatin Najeriya da .gov.ng yake ƙarewa. A kula, ƙarshensa, ba tsakiyarsa ba, don suna cusa kalmar a tsakiya su ruɗe mutum. Kuma babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta tes.

Auta: Yaya, ni kuma imel ɗina ne ya cika. A ƙasan kowanne akwai wajen cire suna. In danna?

Mai Gyaran Waya: Ya danganta. In wurin da ka sani ne, ka taɓa rajista da kanka, danna, za su cire ka. Tun 2024 ma Gmail ya wajabta wa masu tura saƙo sama da 5,000 a rana su sa hanyar fita mai sauƙi. Amma wanda ba ka san shi ba, mai cewa ka ci gasa ko an ba ka gurbin karatu da ba ka nema ba, kar ka danna komai, kar ka ba da amsa ko ta zagi ce. Amsa shaida ce cewa akwai mutum a bayan adireshin. Ka jefa shi akwatin shara ta hanyar rahoto, na'urar tana koyo da haka. Kuma ka buɗe imel na biyu don cike-ciken intanet, na farkon ka bar shi ga makaranta da banki.

Abin ya girme ka, Auta. Tun 1978 wani ɗan talla na kamfanin kwamfuta a Amurka ya tura wa mutum kusan 400 saƙo ɗaya a lokaci guda, tun intanet ba ta zama intanet ba, kuma tun ranar mutane suka yi ta ƙorafi.

Anti Nas: Har yanzu ba a amsa abin da ke damuna ba. Wa ya ba su lambata tun farko? Ni ba na danna komai.

Shugaban Zaure: Mu ne Anti, mafi yawa. Takardar sunaye a wurin taro, littafin baƙi a bakin ƙofar ofis, fom ɗin tallafi da ake yawo da shi a unguwa ana karɓar NIN da BVN, tallar da muke sawa a Facebook da lamba a ƙasa. Wani lokaci kuma ba ke ba ce, wani ne da ke da lambarki ya sauke manhajar bashi ya ba ta izinin ganin lambobinsa. Kin tuna lokacin da ake turo wa mutane cewa wane ɓarawo ne ya gudu da kuɗi? Daga nan ne. Sai da hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta shiga maganar, kuma a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Amma waɗanda ake turowa ta linki a sauke a gefe ba su bin wannan doka.

Mai Gyaran Waya: Wasu kuma ba wanda ya ba su. Lambobinmu 11 ne, farkonsu sananne, na'ura tana jero sauran ɗaya bayan ɗaya tana turawa. Wanda ya amsa ta san yana nan.

Shugaban Zaure: Kuma akwai doka yanzu, ta kare bayanan jama'a, an sa mata hannu a Yunin 2023, da hukumarta NDPC. Kina da hakkin ce wa kamfani ya daina amfani da lambarki wajen talla. Sai dai ɗan damfara ba ya karanta doka.

Baba Alhaji: To na fahimci na data. Amma Malam, na tunatarwa fa? Wanda ake cewa ka tura wa mutum 10 za ka ga alheri kafin gobe, in ka ƙi ka ga musiba. Ni in na gani tsoro nake ji, sai in tura. Shi ai ba kuɗi suke nema ba.

Malamin Islamiyya: Baba, wannan ya fi wancan damuna. Kun tuna takardar wasiyyar nan da ake jingina wa wani Shehu Ahmad, wai mai hidima a masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam? Tun muna yara ake buga ta ana rabawa a ƙofar masallaci, wanda ya kwafa zai yi arziki, wanda ya ƙi zai tsiyace. Malamai sun daɗe da bayyana cewa ƙarya ce, Shehu Bin Baz ya yi rubutu musamman a kanta. Ita ce ta bar takarda ta koma waya.

Babu mai ikon yanka wa mutane lada ko azaba a kan tura saƙo. Allah ya ce mana a Suratul Hujurat, aya ta 6, in labari ya zo a bincika. Kuma a cikin Muslim akwai hadisin da ke cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Danna turawa faɗi ne, Baba. In aya ce ko hadisi ingantacce, a tura don Allah, a yanke wutsiyar nan ta barazana. Abin da nake tsoro kuma shi ne hannun da ya saba tura na mutum 10 ba tare da tambaya ba, shi ne zai tura na giga 50.

Baba Alhaji: Hakane Malam. Wallahi tun ina saurayi na kwafi takardar nan da hannuna har sau bakwai. Allah ya yafe mana.

Mai Gyaran Waya: Amin Baba. Ga wata alama mai sauƙi: in kun ga kibiya biyu a saman saƙo, ma'anarsa ya yi yawo sosai. Tun 2020 WhatsApp ba ya bari a tura irinsa sai wuri ɗaya a lokaci guda, saboda sun san abin da yake ɗaukowa.

Shugaban Zaure: To ga shawarata, mai ja ya ja. Daga yau duk linkin kyauta, tallafi, aiki ko zuba jari, a fara turo mini ko Mai Gyaran Waya a gefe kafin a sa a nan. Na kuma sauya linkin gayyatar zauren, tsohon ya daina aiki. Akwai lambobi uku a cikinmu da ba su taɓa magana ba kuma ba wanda ya san su, zan cire su yanzu, in na wani ne ya faɗa.

Anti Nas: Mai ƙarewa da 07 ta ƙanwata ce, a bar ta. Sauran biyun ban san su ba.

Maman Sadiq: Na sa lamba shidan yanzu. Yana tambayata imel, in sa?

Mai Gyaran Waya: Sa, don in kin manta da ita ta nan za ki dawo. Amma kar ki sa shekarar haihuwar Sadiq a matsayin lambar, tana kan Facebook ɗinki.

Maman Sadiq: Ita na sa kuwa. Bari in canza.

Baba Alhaji: Shugaba, rubuto mini bayanin nan a taƙaice yadda zan kai zauren masallaci, don har yanzu saƙon yana can ba wanda ya goge. Kai kuma Auta, in an idar da la'asar ka zo gida ka duba mini wayar nan.

Auta: To Baba, in sha Allahu. Ku haɗa da ta Hajiya Babba, ita ma na ga ta tura.